Masu Bin Sawu a Cikin Jini

A biranen ƙasar Hausa yau, da wuya a sa ranar aure ba a tambayi takardar gwajin jini ba. AA ne ko AS? Har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba sun haddace lissafin: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Cutar ta zame mana makaranta a kan gado, domin lissafinta a fili yake. Harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gado ɗaya da ke kan kuromosom na 11, kuma tun a 1957 Vernon Ingram ya nuna ainihin abin da wannan sauyi ya taɓa a furotin ɗin jini.

Amma akwai cututtukan da ke bin dangi ba tare da sun bi wannan lissafi ba. Ka duba gidan da kaka take fama da asma: ɗanta garau yake, jikanta ɗaya ya taso da ƙaiƙayin fata tun yana goye, ɗayan kuma da hazo ya sauka sai atishawa da majina, na ukun ko gyaɗa ya ci sai borin jini. Haka taɓin hankali yake yi. Ya bayyana a wannan ɗaki, ya tsallake wancan, ya ɓace tsawon zuriya guda, sannan ya sake ɓullowa. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya rubutun halittarsu ɗaya ne, amma idan Hassan ya kamu da sikizofireniya, cutar nan mai sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, Hussaini yana iya kamuwa, yana kuma iya gama rayuwarsa lafiya. Waɗanda ke kamuwa tare ba su wuce rabi ba. Gado na ciki, babu shakka. To a ina ya ɓuya?

Masu neman amsar wannan tambaya su ne nake kira masu bin sawu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake bin sawun shanun da aka kora cikin dare zai gane aikinsu. Mai bin sawu bai ga ɓarawo ba, bai ga shanu ba. Abin da ke gabansa ƙasa ce da dubban kofatai suka tattake. Gwanintarsa ita ce ware sawun da yake nema daga na sauran, da kuma ƙarfin halin juyawa baya idan ya gane ya bi na garken wani.

Rubutun da suke karantawa

Rubutun halittar ɗan Adam, wato DNA, da haruffa huɗu kacal aka yi shi: A, C, G da T. An jera su kusan biliyan 3, an rarraba su a kuromosom 23, kuma kowannenmu yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A cikin wannan dogon rubutu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ba jiki umarnin ƙera furotin. Idan aka jera rubutun mutum biyu, za a tarar sun sha bamban a kusan harafi ɗaya cikin kowane 1,000. Kaɗan ne a ido, amma a lissafi miliyoyin wurare ne, kuma mafi yawansu ba su cutar da kowa ba su amfani kowa. Aikin masanin shi ne ya tsinto ’yan ƙalilan ɗin da ke da hannu a cuta daga cikin wannan tari.

Abin da ke taimaka masa shi ne, gado ba harafi-harafi yake sauka ba, gunduwa-gunduwa yake sauka. Haruffan da ke maƙwabtaka da juna sukan yi tafiya tare daga kakanni zuwa jikoki. Saboda haka ko bai san harafin da ke jawo cutar ba, idan ya ga wata alama tana yawan bayyana a jikin masu cutar fiye da masu lafiya, ya san abin da yake nema yana kusa. Alamar ita ce sawu. Ta nuna unguwa, ba ta nuna gida ba.

Zamanin tuntuɓe

Farkon sana’ar cike yake da tuntuɓe, kuma tuntuɓen ne ya horar da ita. A 1987 Janice Egeland da abokan aikinta suka buga a mujallar Nature cewa sun gano wurin da ke jawo cutar nan mai jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa. Sun yi binciken ne a wani babban dangi na al’ummar Amish a jihar Pennsylvania ta Amurka, mutanen da ke aure a tsakaninsu kuma suke adana tarihin zuriyarsu. Duniya ta ɗauka. Bayan shekara 2 aka faɗaɗa binciken, mutum biyu da aka lissafa a masu lafiya suka kamu da cutar, sai hujjar ta rushe. Abin yabawa shi ne, da hannun masu binciken na farko aka buga rushewar. A 1988 ma an sanar da gano wurin sikizofireniya a kuromosom na 5, shi ma bai tabbata ba.

A ɓangaren asma, William Cookson da Julian Hopkin na Oxford sun buga a mujallar Lancet a 1989 cewa saurin borin garkuwar jiki yana bin wani yanki na kuromosom na 11 a wasu ’yan iyalai. Ma’aunin da suka dogara da shi shi ne IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke hauhawa a jinin masu borin jini. Wasu ɗakunan bincike suka gwada, wasu suka ga abin, da yawa ba su gani ba. Ƙungiyar ta Oxford, wadda Miriam Moffatt da Taro Shirakawa ɗan Japan ke cikinta, ta ci gaba da tono har ta nuna wata ƙwayar gado a yankin a 1994, amma gardamar ba ta mutu ba.

Mafi shahara a cikin waɗannan labarai shi ne na 2003, lokacin da Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka nuna, daga mutum 847 na garin Dunedin a New Zealand, cewa wani sauyi a ƙwayar gadon da ke jigilar sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa yana sa wahalar rayuwa ta fi saurin jefa mutum cikin ciwon damuwa. Bayanin ya zauna daram a hankali, ɗaruruwan bincike suka biyo baya. A 2019 Richard Border da Matthew Keller da abokansu suka auna wannan ƙwayar gado tare da wasu 17 da aka daɗe ana zargi, a cikin dubban ɗaruruwan mutane. Babu wadda ta nuna alaƙar da ta fi ta kowace ƙwayar gado da aka tsinta da ka. Kama da wane ba ta wane.

Dokokin da tuntuɓe ya haifar

Daga nan sana’ar ta kafa wa kanta dokoki masu tsauri, kuma a nan gwanintar take.

Ta farko ita ce tsoron dace. A binciken kimiyya na yau da kullum, akan karɓi sakamakon da ba zai faru bisa dace ba sai sau ɗaya cikin 20. To ka ɗauka ka gwada wurare miliyan ɗaya a lokaci guda da wannan ma’auni: wurare 50,000 za su ɗaga hannu su ce su ne, alhali babu ruwansu. Don haka masu wannan aiki suka ɗaga shingen zuwa sau ɗaya cikin miliyan 20. Duk alamar da ba ta tsallake shi ba, komai daɗin labarinta, sai ta jira.

Ta biyu ita ce tsoron asali. Ka ce wani ya ɗebi jinin masu asma a wani asibiti a Kano, ya ɗebi na masu lafiya a Ibadan, ya kwatanta. Zai samu dubban bambance-bambance, ya yi ta murna, alhali abin da ya auna shi ne bambancin zuriyar mutanen garuruwan biyu. Gwani yakan fara da zana taswirar asalin kowane mutum daga cikin DNA ɗinsa, ya cire tasirinta daga lissafi, kafin ya duba cutar.

Ta uku ita ce tantance wanda ake kira maras lafiya. Sikila ana ganinta a gwajin jini. Sikizofireniya kuwa babu gwajin jinin da ke nuna ta. Likita ne zai zauna da mutum, ya saurare shi, ya auna bayaninsa da ƙa’idojin da aka amince da su. Asma ma suna ɗaya ne da ya rufe cututtuka masu kama da juna: ta yara daban, wadda ke kama mutum da girmansa daban. Idan aka zuba su a tukunya ɗaya, sawun ya dagule.

Ta huɗu ita ce maimaitawa. Abin da ka gani a mutanen Ingila sai ka sake ganinsa a mutanen Jamus da ba ka taɓa su ba, kafin ka buɗe baki.

Abin da haƙuri ya kawo

Cookson da Moffatt ba su bar fagen ba. Suna Imperial College a Landan lokacin da na’urorin da ke karanta dubban ɗaruruwan alamomi a lokaci guda suka samu. A 2007 suka auna alamomi sama da 317,000 a yara 994 masu asma da mutum 1,243 marasa ita, daga Birtaniya da Jamus. Sawu ya fito ƙarara a kuromosom na 17, kusa da wata ƙwayar gado mai suna ORMDL3 wadda babu wanda ya taɓa kawo ta a zancen asma. Aka sake gwadawa a ƙasashe da dama, ta tsaya da ƙafarta. Shekara 18 ke nan bayan takardar 1989.

A 2010 suka jagoranci haɗakar da ake kira GABRIEL, mai mutum 10,365 masu asma da 16,110 marasa ita. Sakamakon ya tabbatar da cewa yankin kuromosom na 17 na asmar yara ne, ya kuma fito da wasu ƙwayoyin gado irin su IL33, masu aiki a fatar da ta shimfiɗe hanyoyin numfashi, inda suke kaɗa ƙararrawa idan wani abu ya ji wa wurin rauni. Sai kuma abin da ya fi ba ni sha’awa: wuraren da ke ƙayyade yawan IgE a jini kaɗan ne daga cikinsu suka dace da wuraren da ke jawo asma. Wato ma’aunin da Cookson ya fara aikinsa a kansa a 1989 ba shi ne tushen cutar ba kamar yadda aka zata. Da hannunsu suka rubuta haka.

A Dundee ta Sikotland kuma, Irwin McLean da Alan Irvine na Dublin suna kokawa da wata ƙwayar gado mai suna filaggrin, wadda ta gagari ɗakunan bincike da dama. Matsalarta ita ce, wani dogon sashe nata yana maimaita kansa sau 10 zuwa 12, kusan ba bambanci, kamar rukunin gidajen gwamnati da aka gina iri ɗaya aka shafa musu fenti ɗaya. Na’urar karatu guntu-guntu take karantawa, ba ta san daga wane gida guntun ya fito ba. Sai da suka yi ta ƙera dabarun ware kowane maimaici da ’yan bambance-bambancen da ke jikinsa. A 2006 suka nuna cewa sauyi biyu da ke kashe aikin wannan ƙwayar gado suna jawo bushewar fata mai saɓa, suna kuma ƙara haɗarin ekzima, ciwon ƙaiƙayin fatar da ke addabar jarirai. Kusan mutum ɗaya cikin 10 na Turawa yana ɗauke da irin wannan sauyi.

Wannan ya juya tunanin likitoci. Da ana ganin garkuwar jiki ce ke fara bori sannan fata ta lalace. Filaggrin ta nuna cewa a wurin mutane da yawa katangar ce ke fara tsagewa. Ginin ƙasa da ba a yi masa yaɓe ba, ruwa ta tsaga yake shiga. Haka ƙura da ɓurɓushin abinci ke ratsa fatar da ba ta rufu ba, garkuwar jiki ta gamu da su ta inda bai kamata ba, ta ɗauke su abokan gaba. Shi ya sa wannan sauyi ke ƙara haɗarin asma a jikin masu ekzima, ko da yake furotin ɗin ba a hanyoyin huhu yake aiki ba. A 2011 aka nuna yana ƙara haɗarin borin gyaɗa ma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Masu binciken taɓin hankali sun gane cewa babu ɗakin binciken da zai tara isassun mutane shi kaɗai. A 2007 suka kafa haɗakar duniya da ake kira PGC, inda masanan da a da ke tsere da juna suka zuba bayanansu wuri ɗaya. A 2014 haɗakar ta kwatanta mutum 36,989 masu sikizofireniya da 113,075 marasa ita, ta samu wurare 108. A 2022, da masu cutar 76,755, wuraren suka kai 287. Kowane ɗaya ƙara haɗarin yake yi da ɗan mitsitsi, kamar tsabar gero a kan sikeli, sai sun taru suke rinjaya. Cikin wuraren 2014 har da DRD2, ƙwayar gadon furotin ɗin da magungunan cutar suka daɗe suna toshewa, abin da ya nuna cewa sawun na gaske ne.

Sawu mafi ƙarfi kuwa yana kuromosom na 6, a yankin da ya fi kowane cunkoso da ƙwayoyin gadon garkuwar jiki. Tun 2009 ake ganinsa, an rasa gidan da ya shiga. Aswin Sekar, ɗalibi a ɗakin binciken Steven McCarroll a Harvard, ya sa ido a kan wata ƙwayar gado mai suna C4. Ita ma mai wuyar sha’ani ce: iri biyu ce, C4A da C4B, kowace tana da doguwa da gajeriya, kuma yawan kwafinta ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Sekar ya ƙirƙiro hanyar gane tsarin C4 na mutum daga alamomin da ke kewaye da ita, ya auna aikinta a ƙwaƙwalen mutanen da suka ba da gawarsu don bincike, sannan ya duba bayanan kusan mutum 65,000. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa gwargwadon yawan C4A da tsarin mutum ke sa ƙwaƙwalwa ta samar, gwargwadon haɗarinsa.

Me ya kai furotin ɗin garkuwar jiki cikin ƙwaƙwalwa? Beth Stevens ta riga ta nuna a 2007 cewa furotin na wannan dangi suna sa alama a kan mahaɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwa da za a cire, kamar yadda manomi ke rage gero a rami idan ya tsiro da yawa domin sauran su yi ƙarfi. Wannan ragi yana tsananta a shekarun balaga zuwa farkon girma, daidai lokacin da sikizofireniya ta fi bayyana. Tun 1982 Irwin Feinberg ya yi hasashen cewa kuskure a wannan ragi na iya zama tushen cutar. Bayan shekara 34, masu bin sawu suka iso ƙofar da ya nuna. Tsarin C4 mafi haɗari bai ƙara wa mutum fiye da kusan rubu’in haɗarin da yake da shi ba, don haka ba zai yi amfani wajen duba wa kowa makomarsa ba. Darajarsa ita ce ya nuna yadda cutar ke aiki, kuma daga sanin aiki ake fara neman magani.

Inda gado ya tsaya

Gwanayen wannan fage su ne na farko wajen faɗa maka iyakar abin da suka gano. Yankin kuromosom na 17 ya fi yin tasiri a yaran da suka shaƙi hayaƙin taba suna ƙanana, da waɗanda ƙwayar cutar mura ta sa su numfashi mai ƙara. A 2016 Carole Ober da Erika von Mutius da abokansu suka kwatanta yaran Amish na Indiana da na Hutterite na Dakota ta Kudu, al’ummu biyu na manoma masu asali kusa da juna. Asma ta kama kusan kashi 5 cikin 100 na yaran Amish, waɗanda ke tashi kusa da shanu da dawakai, amma ta haura kashi 21 a yaran Hutterite masu noman injina nesa da gida. Iri kusan ɗaya, ƙasa daban, amfanin gona daban.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A binciken asali kafin aure, jin cewa akwai taɓin hankali a dangi yakan isa a fasa. Amma lissafin sikila ba ya aiki a nan. Cikin ’ya’yan da mahaifi ɗaya ke da sikizofireniya, kusan 9 cikin 10 ba sa kamuwa, kuma mafi yawan masu cutar iyayensu lafiya lau suke. Babu takardar gwaji mai haruffa biyu da za ta ce wane zai kamu, wane ba zai kamu ba.

Akwai kuma babban giɓi. Mafi yawan mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, kuma sawun da aka bi a Turai ba lallai ya kai gida a Afirka ba. Sauye-sauyen filaggrin biyun nan da suka yi yawa a Sikotland da wuya ake samunsu a jikin ’yan Afirka, alhali ekzima na nan. A 2011 an gano wani wuri mai suna PYHIN1 da ke da alaƙa da asma a jikin masu asalin Afirka a Amurka da Karibiyan, wanda bai fito a Turawa ba. Aiki ya fara motsi: a 2020 mujallar Science ta buga binciken sikizofireniya a al’ummar Xhosa ta Afirka ta Kudu, kuma shirin NeuroGAP ya tattara samfurin dubban mutane a Habasha, Kenya, Uganda da Afirka ta Kudu.

Masana sun san dalilin da ya sa suke ɗokin wannan aiki. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Tsawon zamani ya daddatsa gunduwoyin gadon nan sun zama gajeru, don haka alama tana zama kusa da ainihin harafin da ake nema. Sawun da a Turai yake tsayawa a bakin unguwa, a jinin mutanenmu yana iya kai mai binsa har ƙofar gida. Yaron da ke kwana zaune yana neman numfashi idan hunturu ya kama a Katsina ko Damagaram yana ɗauke da wani ɓangare na amsar a jikinsa. Saura wanda zai durƙusa ya karanta ƙasar, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kuma yarda ya juya baya a ranar da ya gane sawun na garken wani ne.